Saura Igiya Ɗaya, Kuma Ni Aka Aika

In ka ga dama ka yarda, in ka ga dama ka ce ƙaryar 'yan tasha ce. Ba zan yi maka rantsuwa ba, don rantsuwata ta daɗe da yin arha a garin nan. Amma ni ɗin nan da duk Kankia ta shaida bakina bai rufu ba tun ranar da aka raɗa mani suna, ni aka taɓa aikawa in ɗinke auren da saura igiya ɗaya ya tsinke. Kuma na wuni ina auna kowace kalma kafin in bar ta ta fito. Wanda ya san ni, a wannan na biyun ne zai ce na fara ƙarya.

Kamasho nake yi a tasha. Aikina in cika mota. Mutum zai shigo da niyyar zuwa Katsina, in tare shi da surutu, kafin ya farga yana zaune a motar Kano yana yi mani godiya. Da bakin nan nake ci, da shi nake shan zagi, wani lokacin har da mari.

Yayata, wadda nake bi, tana aure a Boko, can ta wajen Kusada. Mijinta a samartakarsa ɗan dambe ne. In ya ba ka hannu za ku gaisa, sai ka duba yatsunka bayan ya saki, ka tabbatar sun dawo duka. Na taɓa ganin ya ciro babur daga cikin laka da mai babur ɗin a kai, mutumin bai ma sauke ƙafa ba. Magana kuwa ba ya yi. In ya ce maka "lahiya" da safe, to ya gama hirar ranar. Ni ƙanin matarsa ne, al'ada ta ba ni damar in tsokane shi, kuma ina tsokanar tasa, amma kullum daga bakin ƙofa, takalmina a ƙafa.

Igiya biyu sun riga sun tafi. Ta farko tun suna yara, yanzu ba wanda ke tuna dalilin, wasu na cewa a kan akuya ne. Ta biyu kuwa kawunmu ne ya jawo ta. Yaya ta yi ɗan yaji irin wanda kwana biyu ke warkarwa, sai kawu ya hau babur ya tafi Boko wai zai yi nasiha, ya tsaya a ƙofar gidan mutum yana ɗaga murya maƙwabta na ji. Kafin kawu ya iso Kankia sakin ya riga shi isowa. Mijin ya mayar da ita kafin idda ta cika, amma tun daga ranar kowa a danginmu ya san inda aka tsaya. In ta ukun ta fita daga bakinsa, ba biko, ba roƙo, ba malamin da zai gyara. Ga yara, ga Innarmu da hawan jini.

Damina ce, gero ya fara rufe mutum. Na dawo gida cin abincin rana sai na ishe Yaya a ɗakin Inna, ƙullin kayanta a gefe, autarta a baya. Ba ta kuka. Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan, don Yaya ko kaza aka yanka sai ta share hawaye. Inna ta riga ta tambaye ta ko sakinta aka yi, ta ce a'a, da ƙafarta ta taho. Na ji numfashina ya dawo, amma rabi.

Dalilin ya fito a hankali, kuma ba duka ba ne, ba zagi ba ne, ba rashin hatsi ba ne. Kwanon tuwo ne.

A unguwarsu har yanzu maza na ciyayya. In an sallame magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci, a buɗe kwano ɗaya a cinye tare, sannan a jawo na gaba. Kowa ya san hannun matar kowa ba tare da ya taɓa ganin fuskarta ba. Kwanon Yaya kuwa sananne ne. In an zo kansa hira na tsayawa. Yana komawa cikin gida a suɗe, kamar an wanke. To tun bazara sai mijin ya canja. Zai fito da kwanon, a buɗe, ya yi loma ɗaya ya janye hannu ya ce ya ƙoshi. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya bar wa jama'a. Kwanon wasu ma haka yake yi, amma ido a kan na gidansa yake. Daga baya ya daina fita ciyayyar gaba ɗaya. Yaya ta kai masa ɗaki, da safe ta ɗauko kwanon a rufe yadda ta ajiye.

Sai ta ɗauka hannunta ne ya lalace. Ta tare Fulanin da ke kawo nono ta sayi man shanu, ta riƙa malala masa a miya. Bai ci ba. Ta bar tuwon dawa ta koma na shinkafa. Bai ci ba. Ta dama hura da kindirmo, ta zuba sukari har ludayi na tsayawa a ciki, ta aika masa gona. Duk yadda ta ƙara daɗi, sai ya ƙara gudu. Ga shi yana ramewa a idon kowa. Ka san mutanenmu ba sa barin abu ya zauna ba fassara. A wajen injin niƙa aka fara cewa mi ta sa masa a tuwo da har yake tsoron ci. Wata ta ce ai wanda ya ci ya riga ya kama shi, shi ke tsotse shi. Har ƙanwarsa ta zo gidan, ta ja yara gefe tana tambayarsu ko uwarsu na zuwa wurin wani boka. Ranar da hurar ta dawo daga gona ko faifan kai ba a ɗaga ba, Yaya ta ɗaure kayanta.

Kafin la'asar labari ya kai wa kawu. Ya aiko cewa ranar Juma'a in an sauko masallaci zai je Boko da kansa ya ji dalili. Inna ta ji haka ta dafe kai. Ta kira ni ta ce gobe in riga shi zuwa. Na ce Inna ki dube ni da kyau, ni ne fa, wanda ko gaisuwar mutuwa ba a zuwa da shi. Na ce bakina ya fi na kawu haɗari, shi kawu igiya ɗaya ya tsinka, ni zan iya tsinka wadda ba a ma ɗaura ba. Ta ce ta sani. Ta ce dalilin da ya sa ta zaɓe ni shi ne mijin Yaya bai taɓa fushi da ni ba, saboda bai taɓa lissafa ni cikin masu hankali ba. Uwar da ta haife ni ke nan.

Akwai wata Hajiya da ke shiga motarmu ta Kusada, ma'aikaciya ce, aikinta zama da iyalan da rikici ya shiga tsakaninsu. Ni ke riƙe mata gidan gaba. Da yammar nan na gan ta a tasha za ta koma, na je na tsuguna a jikin tagar motar na zayyana mata komai ba tare da na ce 'yan uwana ne ba. Ta dube ni ta ce Allah ya ba yayar taka haƙuri. Ta ce in kawo su wurinta. Na ce ba hali, mutumin ya taɓa rantsewa duk ranar da maganar gidansa ta shiga ofis ko gaban alƙali, ranar zai ƙarasa abin da ya rage. Sai ta ce to in saurara. Saura mutum biyu mota ta cika, ni kuwa duk fasinjan da ya nufo sai in ce masa wannan ba ta da birki, ya bi ta baya. Direba na zagin iyayena, ni ina ɗaukar karatu.

Ta ce kada in je neman mai laifi, in na tafi da wannan na gama ɓata abin. Ta ce a karatunsu an nuna masu cewa duk zaman mutum biyu musaya ce, kowa na zuba wani abu yana kwasar wani abu, kuma mutum na zama ne muddin yana jin abin da yake samu ya kai wahalar da yake sha, ko kuma yana ganin in ya fita ba inda ya fi nan. Na ce ashe aure tasha ne, direba ya ba da kujera, fasinja ya ba da na mota. Ta yi dariya ta ce na kusa, sai dai a gida abin da ake musayar yawancinsa ba ya da farashi, kamar sannu, kamar kallo, kamar rufin asiri, kuma sau da yawa abin da mutum yake jin shi yake bayarwa ba shi ne ɗayan ke karɓa ba. Ta ce in tambayi kowannensu shi kaɗai abin da yake bayarwa da abin da yake samu, kuma kada in bari su mai da shi gori. Da mota ta tashi ta leƙo ta ƙara mani ɗaya.

"Ƙin karɓa ma yanke musaya ne. Wanda ya daina karɓa, ko dai ya ƙoshi a wani wuri, ko yana tsoron ba shi da abin ramawa."

Ni da tunanina na ɗan tasha, nan take na yanke cewa na farkon ne. Na ce lallai akwai wata mai tuwo-tuwo a Kusada da ta fi Yaya iya daddawa.

Da na koma gida na fara da Yaya, tunda ita ba ta dambe. Na tambaye ta mi take samu a gidan nan da ta zauna shekara da shekaru. Na zaci za ta ce hatsi da sutura. Ko ambatonsu ba ta yi ba. Ta ce tunda aka kai ta gidan bai taɓa ce mata sannu da aiki ba, bai taɓa cewa miya ta yi daɗi ba, ko haihuwa ta yi sai dai ya tsaya a ƙofar ɗaki ya yi gyaran murya. Ba ta taɓa damuwa ba, don tana da inda take jin maganarsa.

"Kwanon nan in ya dawo a suɗe, shi ne sannunsa, shi ne godiyarsa. Yanzu ya daina yi mani magana ke nan."

Na tambaye ta in abin ya ƙare ina za ta. Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin Inna inda aka tara roba saboda yoyo. Can ta ce gara ta zauna a nan ruwa na zuba mata a ka da a riƙa nuna ta ana cewa ga wadda ke kashe mijinta. Ta ce ba za ta koma ba sai ya ci, ko ya faɗi abin da ya hana shi.

Washegari na shiga motar Kusada a matsayin fasinja, abin da ban saba ba, daga can na hau acaba zuwa Boko. Duk hanya ina maimaita tambayoyin Hajiya kamar mai hadda, suna zubewa. Abin da ke cina shi ne ba sai ya buge ni ba. Kalma ce kawai. Ya buɗe baki ya ce je ka gaya mata, shi ke nan, kuma ni zan ɗauko ta a bakina in kawo wa Inna. Na riƙa hango Inna tana ji tana sulalewa daga kan tabarma.

Wani maƙwabci ya ce yana gona, ya nuna mani hanya, ya bi ni da kallo irin wanda ake yi wa ragon da aka ja bayan gida. Na kutsa cikin gero. Gonarsa da a da ko tsinke ba ka gani a kunya, rabinta ciyawa ta cinye. Na ishe shi ƙarƙashin ɗorawa, zaune, da hantsi, lokacin da kowane manomi ke duƙe. Yana wasa bakin fartanya da dutse. Rigar da na san tana matse shi ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Amma hannun yana nan yadda na san shi, kuma fartanyar na ƙyalli.

Na yi sallama na tsuguna nesa, inda na auna ko ya miƙa hannu da fartanyar ba za ta kai ni ba. Ya ce lahiya. Na shirya wata tsokana tun a mota, cewa na zo duba ko ya koma azumin tsofaffi, amma da na dubi idonsa sai na fasa. Na yi gaisuwar gona, na yi ta damina, na sake ta gona. Ya ɗaga jarkar ruwa ya sha kamar wanda ya kwana a hamada, ya ajiye, ya miƙe ba magana ya shige cikin gero. Na ce shi ke nan adda ya tafi ɗaukowa. Na duba gabas na duba yamma, ko'ina gero ne, ban ma san ta inda na shigo ba. Sai ga shi ya dawo hannu wayam, ya zauna, ya ci gaba da wasa fartanya. Ba a jima ba ya sake shan ruwa, ya sake tashi. Kowane tashi sai na yi kalmar shahada.

Da na ga in ban yi magana ba tsoro zai kashe ni kafin shi, sai na jefa tambayar farko. Na ce Malam, don Allah ba don ni ba, kai mi kake ba Yaya a zaman nan naku. Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Amma ya amsa. Ya ce tunda ya aure ta ba ta taɓa awon hatsi a kasuwa ba, rumbunsa bai taɓa ganin ƙasa ba, ɗakinta bai taɓa yoyo ba, itace bai taɓa yankewa ba. Ya ɗaga hannun nan ya nuna mani, ya ce duk shi ya yi su. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba, har na ji ƙarfin gwiwa, na ce to kai kuma mi kake samu a wurinta.

Dutsen ya tsaya a kan fartanya.

"Wa ya aiko ka da tambayoyin ga? Ofis ta kai ni?"

Na rantse da duk abin da na sani Yaya ba ta je ko'ina ba, Inna ce ta aiko ni, tambayoyin kuma daga kaina suka fito, ai ya san kaina ba daidai yake ba. Sannan ya sunkuyar da kai, ya ja numfashi, ya ce, "To in ka koma, ka gaya mata na…"

Ban san lokacin da bakina ya ɓalle ba. Na hau ba shi labarin wani fasinja da ya sa wa tunkiyarsa hula da riga don kada a caje shi kuɗin kaya, da yadda tunkiyar ta amsa sallama a shingen hanya, da yadda direba ya nemi aurenta. Ƙarya nake shararawa ba waƙafi, ina gumi, ni dai kada in bar rami ko na allura da sauran maganarsa za ta bi ta fito. In labari ya zo ƙarewa sai in haifa masa ɗa. Yana kallona baki buɗe. Allah ya taimake ni ruwan da ya sha ya sake tashinsa, ya shige gero.

Da ya dawo ni ma marata ta cika, don tsoro ba ya zama a ciki. Na nemi izini na bi inda ya fito. A nan na ga abin. Duk inda ya tsuguna ƙasa ta jiƙe, kiyashi sun yi baƙi a wurin, suna hawa kan juna kamar an zubar da zuma. Na tsaya ina kallo har na manta abin da ya kawo ni. Na san wannan. Akwai wani direbanmu a tasha mai ciwon suga, kafin a gano masa haka muke tsokanarsa, muna cewa kiyashin Kankia sun san lambar motarsa. Shan ruwan, yawan zagayawar, ramar, gudun hura mai sukari, duk suka jeru a kaina. Babu wata mai tuwo-tuwo a Kusada.

Sai dai sanin bai rage mani tsoro ba, ƙara shi ya yi. Mutumin da ya yarda gidansa ya watse don kada a sani, in na ce masa na sani, mi zai yi? Na dawo na tsuguna, wannan karon kusa kaɗan. Ban dube shi ba. Na ce wa ɗorawa akwai wani direbanmu da ke da suga, shekara da shekaru, kullum sai ya kai Kano ya dawo, yana shan maganinsa, yana zuwa asibiti a duba shi, matarsa na yi masa tuwon alkama ɗan daidai da miyar ganye da kwaɗon zogale, yanzu har wuya ya yi. Na ji ƙarar dutse ta ɗauke. Can ya ce, a hankali, yana aikin ƙarfi? Na ce aikin ƙarfi kai, ranar nan shi kaɗai ya sauke injin mota. Wannan ƙarya ce, amma sauran duk gaskiya ne.

Sai ya faɗa. Da bazara ya faɗi a gona wajen sharar kara, ba wanda ya gani, ya lallaɓa asibiti shi kaɗai. Suka auna suka ce suga ne, ya bar zaƙi, ya rage tuwo da maiƙo, ya dawo a ɗora shi kan magani. Shi abin da kunnensa ya ɗauka shi ne abincin gidansa zai kashe shi kuma ƙarfinsa ya tafi ke nan. Bai koma ba. Bai gaya wa kowa ba. Gyaɗa da ɗan rogo yake ci a ɓoye, yana kallon hurar Yaya yawunsa na tsinkewa. Na ce to don mi bai gaya mata ba.

"Mi nike ba ta in ba ƙarfin ga ba? Ban iya magana ba, ban iya wasa ba. In ta ji ya ƙare, zaman mi za ta yi?"

Sannan ya gaya mani abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ya ce ya daɗe yana juya abin, ya yanke gara ya sallame ta tun da sauran ƙuruciyarta da ta ƙare a jinyarsa. Saƙon da ya fara ba ni ɗazu ke nan. Yana kan harshensa lokacin da na kawo maganar tunkiya.

Na ce Malam, ka yi mani rai ka ji abu biyu. Na gaya masa abin da Yaya ta ce game da kwano, cewa ita ba rumbun take karɓa a hannunsa ba. Sannan na gaya masa na biyun, wanda duk Boko ta sani ban da shi don ba mai ƙarfin halin faɗa masa, cewa ana cewa matarsa ce ke cinye shi da sammu, har ƙanwarsa ta titsiye yara. Fuskarsa ta canja. Ya miƙe tsaye da fartanyar a hannu, ya rufe mani rana, na runtse ido na ce Inna ki yafe mani. Sai na ji ya jefar da ita. Ya ce mu tahi.

Ya goya ni a babur ɗinsa. Bai ce ga abin da zai je ya faɗa ba. Tun daga Boko har muka fita Kusada ina roƙonsa ta bayan kunne kada ya yanke komai yau, ya bari ya ci abinci tukuna, ya tuna yara, ya tuna jinin Inna. Shi dai tuƙinsa kawai yake yi. Hadari ya haɗo ta gabas, ina jin ƙasusuwan bayansa a ƙirjina, ina tunanin ko biko na ɗauko ko kuwa na kawo sakin ne da kansa har gida don ya fi sauri.

Muna shan kwanar gidanmu na hango babur ɗin kawu a ƙofa. Bai iya jiran Juma'ar ba. Na diro tun kafin a tsaya, na shiga na ce masa ana can ana rabon taki a bayan tasha, an kira sunansa ba ya nan, za a ba wani. Ya fita ko hula bai gyara ba, ya wuce surukin nasa a zaure bai ma lura ba.

Mijin Yaya ya shigo ya tsuguna a tsakar gida gaban Inna, kansa a ƙasa. Yaya na cikin ɗaki bayan labule, ƙafafunta kawai ake gani. Aka gaisa, ina tsaye kusa da turmi da wani labarin a shirye a bakina ko da za a buƙata. Sannan ya gaya wa Inna, da 'yan kalmominsa, yana kallon ƙasa. Ya faɗi faɗuwar gona, ya faɗi asibiti, ya faɗi sunan ciwon. Ya ce ɗiyarta ba ta taɓa sa masa komai a abinci ba sai alheri, kuma zai faɗi haka a tabarmar ciyayya kowa ya ji. Na fara sakin numfashi. Sai ya ƙara da cewa amma shi yanzu ba mutumin da aka ba aure ba ne, don haka in tana son ya sauwaƙe mata, ta faɗa, shi ba zai riƙe ta ba.

Inna ta kama bango. Ni labarin da na shirya ya gudu ya bar ni.

Labule ya ɗaga. Yaya ta fito da ƙullin kayanta, idonta jawur. Ba ta dube shi ba, ni ta duba, ta tambaye ni wane irin abinci ake ba masu ciwon. Na faɗa mata na direbanmu. Ta tambayi Inna ko akwai sauran busasshen zogale. Ta ce mani gobe da sassafe in riƙe masu gidan gaba, asibiti za a koma, kuma ita ma za ta shiga ta ji da kunnenta tunda wasu in an gaya masu magana rabi suke ɗaukowa. Ta dangwara mani ƙullin a hannu ta ce in ɗaure a babur kafin ruwa ya sauko.

Shi kuwa yana tsugune, kamar bai gane ba. Ya ɗago kai a karon farko ya ce mata ko ba ta ji ba ne, ƙarfin da ta sani ya tahi. Yaya ta gyara goyonta, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"In don ƙarfi ne, Malam, ai da bijimin sa na aura. Shi ko ba komai in an aje masa abinci yana ci."